Masu Sauraron Ƙasa

Ku matso, wannan ba ta barci ba ce, ta gardama ce.

A wani ƙauye na ƙasar Katsina an yi wani mai haƙar rijiya, Nomau. Gwani ne, sai dai taurin kai. Wata rana ya tarar da dutse a gindin rijiyar da yake haƙa, maimakon ya fito a yi shawara, sai ya karkata ya riƙa bin jijiyar ruwa ta gefe, bai gaya wa kowa inda ya nufa ba. Da hantsi bakin rijiyar ya rufta. Mutane suka taru ana salati, kowa ya ɗauko fartanya, amma ba wanda ya san ta ina za a tona. Ga shi tun da safe ya ce ruwa ya fara tsattsafowa, wato in ƙasa ba ta kashe shi ba, ruwa zai cimma masa.

Sai ga Zakari mai gyaran famfo, wanda sana'arsa neman inda bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce, "Don Allah kowa ya tsaya inda yake, ko tari kada a yi." Kun san mutanenmu da shiru, sai da mai gari ya ɗaga sanda. Zakari ya kafa rodin ƙarfe har ya taɓa dutse, ya ɗora guntun katako a kansa, ya manna kunne. Ya cire ya kafa can, ya cire ya kafa nan. Ta gabas ya ji wani ƙwas-ƙwas siriri yana hawowa ta cikin ƙarfen, Nomau ne ke dukan dutse da ƙotar digarsa. Zakari ya bi inda sautin ya fi ƙarfi, ya zana da'ira a ƙasa.

Aka zura tiyo ta wata 'yar kafa da ta rage a gefen rijiyar, aka tayar da injin janyo ruwa. Injin na fara kaɗawa, ƙasa ta shiga zubewa, aka kashe shi da sauri. A kunna, rami ya rufe. A bari, ruwa ya hau. Nan Shu'aibu mai facin taya ya turo kurarsa cike da tsofaffin tayoyi. Ya jera su, ya shimfiɗa buhunan ƙaiƙayi a kai, aka ɗora injin. Ya ajiye kwanon ruwa a ƙasa kusa da ramin ya tsuguna yana kallo. In fuskar ruwan ta yi rawa, sai ya ƙara buhu, ya gyara zaman taya. Haka ya yi ta yi har injin yana ta ruri amma ruwan kwanon ko motsi. Tiyo ya ci gaba da amai.

Saura tono. Aka fara haƙa inda Zakari ya zana da'ira, amma da aka yi zurfi, duk wanda ya leƙa ramin sai ya ja baya. Ilu magini ya tuɓe riga ya sauka. Ba ya sara sai ya ƙwanƙwasa bango da bayan guduma, kamar yadda mace ke gwada tukunya a kasuwa. Inda ya ji sauti a dunƙule ya sara, inda ya ji ya yi fanko ya sa a tokare da itace. Da ya kai wani wuri sautin ya zama kamar na ganga, sai ya ce a karɓi digar, abin da ya rage bai fi tafin hannu ba. Da farce ya ƙarasa, har yatsunsa suka yi jini. Ya kamo Nomau ta wuyan riga, ruwa ya kai masa haɓa.

Ni da na ga fuskar Ladi matar Nomau a lokacin, da tsohon cikinta, sai da na yi hawaye.

Da Nomau ya dawo hayyacinsa ya ce, "Ina cikin ramin nan na yi wa Allah alkawari, abin da ke cikin Ladi in namiji ne, sunan wanda ya fitar da ni zan sa masa."

Allah da ikonsa aka haifi namiji, kuma guda ɗaya. Ranar suna liman ya zauna, an raba goro, rago na ɗaure, Zakari da Shu'aibu da Ilu suna jere a tabarma ɗaya kowa ya sunkuyar da kai. Liman ya karkato da kunne yana jiran Nomau ya raɗa masa.

To, ku da kuka iya surutu, sunan wa zai raɗa?