Dila da Waƙar Zabbi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku kasa kunne!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Zabbi na kwana a wani tsibiri, Kada ke hayewa da su. Da ya gaji da tantance su ɗaya bayan ɗaya don gudun baƙo, sai suka shirya: kullum shi zai ɗauko baiti, kowace zabuwa ta ɗora nata a kai, waƙar ta zama shaidar garken duka.

Dila mai kwaɗayin ƙwai ya yi ta mamakin wannan dabara. Ya laɓe, ya haddace waƙar tsaf. Washegari ya manna gashin zabo, ya saje da su.

Kada ya ɗauko sabon baiti, zabbi suka bi, Dila ya rangaɗa na jiya.

Kada ya ce, "Akwai baƙo. Ba mai hayewa!"

Dila ya fusata, ya manta kansa. "Haba Baba Kada, wannan zalunci ne! Ko harafi ban kuskure ba!"

"Gaskiyarka, Malam Dila. Amma ta jiya ta tafi da jiya."

Ya kai masa cafka, Dila ya tsira da rabin wutsiya.

Ƙurunƙus kan kusu! Ba don Gizo ba, da kun ce na shara ƙarya.