Sa Hannun da Mudir Bai Karanta Ba

Akwai wani bawan Allah mutumin Maraɗi, Isha'aku, da ya shekara goma sha huɗu yana riƙe da makullin sito a wani kantin iyalan sojoji a Jidda. Kamfanin da ke tafiyar da kantin shi ne kafilinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar. Dokar wurin kuwa ita ce, duk na'urar da aka saya ko za a sabunta hayarta, sai mai sito ya gan ta da idonsa ya sa hannu.

Ana nan sai aka kawo sabon mudir, wato manaja, na sashen kwamfuta, Nawaf, matashi mai ji da kai. Watansa biyu ya sa aka sayo injinan karɓar kuɗi talatin, alhali teburan kashiya goma sha ɗaya ne kaf a kantin. Aka ɗora sha ɗaya, sha tara suka kwanta a sito cikin kwalayensu.

Da shekara ta zagayo, Nawaf ya shigo sito da takarda.

"Ya Ishaƙ, sa hannu a nan. Kuɗin sahaba ne."

"Allah Ya ƙara musu yarda," in ji Isha'aku. "Sadaka kamfani zai yi?"

Nawaf ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira ma'aikata ya maimaita musu. Ashe sahaba ɗin da yake nufi gajimare ne da Larabci, wato wata ma'ajiya a intanet da kowane inji yake biyan haya duk wata. To don Allah, ina laifin ka yi wa mutum bayani? Daga ranar kowa ya koma kiran dattijon nan Abu Sahaba.

Isha'aku ya shanye. Larabcinsa na kasuwa ne, amma lamba ba ta ɓoye masa. Ya duba takardar ya ga talatin.

"Ya mudir, sha tara fa suna cikin kwali, ko wuta ba su taɓa gani ba. Su ma hayar gajimaren suke biya?"

"Wannan ba shuglinka ba ne. Yalla, sa hannu."

"Ban ga talatin suna aiki ba."

Haka aka yi ta fama kwana tara. Kullum takarda ta zo, kullum ta koma. Isha'aku ya gaji har wuya, yana tafe a motar ma'aikata zuwa masaukinsu a unguwar Waziriyya yana tsaki shi kaɗai. Ga zafi, ga gumi, ga yaron da bai kai ƙanensa na uku ba yana buga masa tebur. Rannan sai Nawaf ya fito masa a mutum.

"Iƙamarka saura sati biyu, ko? Wallahi kalma ɗaya zan faɗa a ofis, sai dai ka ji labarin Jidda a rediyo."

Iƙama ita ce katin izinin zaman Isha'aku a ƙasar, kamfani ke sabunta ta. 'Ya'ya biyar a Maraɗi da wannan katin suke ci. Ya karɓi biro, ya daɗe yana kallon layin sa hannu, sannan ya yi rubutu da ajamin da ya koya tun yana yaro.

"Na rubuta abin da na gani, ya mudir. Ka duba."

"Halas, halas," in ji Nawaf, ya fizge takardar ya fice. Ko kallo ɗaya bai yi mata ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan a labarin nan, mutum ya yi kwana tara yana neman abu, ya samu, ya kasa karantawa saboda raini.

Bayan mako guda kwamitin bin diddigin sayayya ya zo. Akwai wani hafsan soja, Nayef, da wata jami'ar bincike, Manal. Aka tara ma'aikata a ɗakin taro. Nawaf ya kunna allo ya yi ta zuba, gajimare kaza, tsari kaza, Turanci na bin Larabci. Isha'aku na can baya a tsaye, ƙafa ta gaji, rai ya ɓaci.

Manal ba ta ɗago ba, takardu take bi ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso kan ta sito sai ta tsaya. Haruffan na Larabci ne, amma maganar ba Larabci ba ce. Ta motsa leɓe a hankali tana haɗa su. Babu wanda ya san cewa a unguwar Hindawiyya ta tashi, a ɗakin kakarta Bahaushiya. Tana jin Hausa sarai, mayarwa ce take yi mata wuya.

"Ustaz Nawaf, ka karanta wannan kafin ka kawo mana?"

"Sa hannun mai sito ne, ba wani abu."

"Ba suna ba ne." Ta ɗaga takardar ta karanta da ƙarfi: "Sha ɗaya na gani suna aiki." Sannan ta fassara wa hafsan.

Nawaf ya fara wani bayanin gajimaren, Nayef ya ɗaga masa hannu. Manal ta leƙa bayan mutane, ta lalubo Hausarta da ƙyar.

"Baba... sha tara, ina?"

Shekara goma sha huɗu ba wanda ya taɓa tambayar Isha'aku komai a ɗakin taron nan. Ya ciro makulli daga aljihu.

"Bismillah, 'yata. Gani ya kori ji."

Suka tarar da kwalaye sha tara a jere, ko ledarsu ba a yaga ba, shekara guda ana biya musu haya. A ranar aka dakatar da hayar, aka karɓe sayayya daga hannun Nawaf. Iƙamar Isha'aku kuwa ta fito kafin Alhamis.

Har yau ana kiransa Abu Sahaba, sai dai yanzu duk takardar da ya sa wa hannu, sai mudir ya zauna ya karanta ta, in ta gagare shi ya zo sito da ƙafarsa ya tambaya.

Darasi: Kada ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba, ko da an tsorata ka da abincinka. Kai kuma da ka yi boko, daina raina mai tambaya, matambayi ba ya ɓata, mai girman kai ne yake ɓata. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa makulli ko biro a wurin aiki.