Dattijon da Ya San Iyakar Kowa

A garin Diggi an yi wani dattijo, Malam Hamidu, wanda Allah Ya ba shi kai na ban mamaki. Duk shekara idan ambaliya ta shafe iyakokin gonakin fadama, shi ake kira. Ya taka, ya soke sanda ya ce, "Nan gonar wane ta tsaya," magana ta ƙare. Har daga Gwandu akan zo ɗaukarsa. Sai dai fa akwai girman kai, ko kaɗan bai son a ga kasawarsa.

Ana nan sai sharaɓarsa ta fara ɗaurewa da ya ɗan yi tafiya. Sai ya duƙa ya damƙi ƙasa yana murzawa har ciwon ya lafa. Mutane su ce, "Kai, Malam yana karanta ƙasa!" Shi kuwa ya bar su a kan haka.

'Yarsa Khadija ce ta gano shi, ta lallaɓa shi zuwa asibiti a Kalgo. Ma'aikaciyar jinya, Dibora, ta auna jininsa, ta taɓa ƙafar ta ji sanyi ƙalau.

Ta ce, "Baba, hanyoyin jininka sun fara toshewa, kuma ba a ƙafa kaɗai suke ba. A cikin kai akwai wasu sirara kamar gashi, su ke shayar da ƙwaƙwalwa. In suka toshe, mantuwa na iya shigowa. Ga magani ka riƙa sha kullum, kuma ka daina shan taba."

Hamidu ya riƙe baki. "Subhanallahi! Duk fadamar nan da ke kaina, ashe a silin gashi take rataye?"

Ya girgiza ƙwarai, amma da suka iso gida ya ce, "A gan ni ina haɗiyar ƙwaya kullum, wa zai ƙara yarda da kaina?" Ya cusa maganin a rumbu, ya koma wa tabarsa.

Bayan shekara huɗu aka yi babban ruwa. Maƙwabci ya shige rabin gonar Hafiza, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu uku. Ba takarda, ba wani shaida sai Hamidu. Khadija ta riƙo hannunsa har fadama, jama'a suka taru.

Hafiza ta durƙusa. "Baba, kai ka soke wa mijina sanda a nan. Nuna musu."

Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Filin da ya taka shekara hamsin ya zame masa baƙo. Tsoro ya kama shi.

Ya ce, "Ɗiyata, wane ne mijinki?"

Wallahi ranar har maza sun yi hawaye. Rabin gonar kuwa ya tafi ke nan.

Darasi: jinin da ke tafiya a ƙafa shi ne ke ciyar da ƙwaƙwalwa, kuma wannan ikon Allah ne abin a tsaya a yi tunani. Kada girman kai ya sa ka ɓoye ciwo ko ka yar da magani. Abin da ke cikin kanka amana ce, akwai masu dogaro da shi.