Gaggawar Asger a Copenhagen

Asger Thygesen mutumin garin Aalborg ne, shekara ashirin yana aikin tsara lokutan tashin motocin bas. Ba ya ƙarya, ba ya ha'inci. Aibinsa ɗaya ne: in ya tsara abu ba ya jin kira, jira kuwa a wurinsa tamkar zagi ne.

Da mahaifiyarsa Gudrun ta cika shekara tamanin, sai ya ce zai kai ta yawon buɗe ido Copenhagen na kwana biyu, tare da matarsa Bodil. Rabon tsohuwar da babban birnin shekara hamsin ke nan. Ranar Lahadi ya ture kofunan kofi gefe, ya shimfiɗa takardar tsarinsa a kan tebur.

Bodil ta duba, ta ɗago kai. "Wuri goma sha ɗaya, Asger? Yawo za mu ko tsere? A ina za a huta?"

"A jirgin ƙasa mana. Awa huɗu muna zaune, bai isa ba?"

Gudrun ta yi murmushi. "Ɗana, ni in ka zaunar da ni a bakin ruwa a Nyhavn, ka sayo mini burodi da kifi, buƙata ta biya. Ƙafafun nan ba na jiya ba ne."

"Haba Mama, kifi ai ko a nan akwai. Ƙarfe sha biyu daidai sojojin fada ke sauya gadi, dole ki gani. Ki bar mini komai."

Bodil ta ce a rage wuri huɗu. Ya ce ko ɗaya ba zai taɓa ba.

Ranar tafiya jirginsu ya makara, ba su sauka ba sai sha biyu saura ashirin. Ran Asger ya ɓaci. Ya ga mahaifiyarsa na jan ƙafa, sai ya karɓe jakarta don ta yi sauri. A cikin jakar akwai wayarta da magungunanta da katin shaidarta.

Suna gangarawa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa suka tarar da jirgi a tsaye, ƙofa a buɗe.

"Ku zo! Ku zo!" Ya fizgi hannun Bodil, suka faɗa ciki.

"Asger, Mama fa!"

Ƙofa ta rufe. Ta gilashi suka hango Gudrun tsaye cikin cunkoso, ta ɗaga hannu, bakinta na motsi. Jirgin ba shi da direba balle a roƙe shi. Ya ja.

"Wani jirgin zai zo bayan minti uku," in ji Bodil. "Minti uku ka kasa jira?"

Suka sauka a tasha ta gaba, suka juyo. Inda suka bar ta babu kowa. Asger ya kira wayarta, sai ya ji tana ƙara a kafaɗarsa.

Shi da Bodil suka rabu, kowa ya kama hanyar nemanta. Ya haura sama, ya sauko, ya leƙa shaguna, yana tare mutane. "Don Allah, ba ku ga wata tsohuwa mai koriyar riga ba?" Kowa sai ya girgiza kai. Ƙarfe ɗaya ta yi, biyu ta wuce, lokacin shan maganin zuciyarta ke nan, maganin kuwa yana hannunsa. Ya je wurin 'yan sanda, suka rubuta kamanninta, suka ce ya jira. Ya zauna a benci ya jira, don ba shi da wani abin yi.

Sai wajen ƙarfe huɗu aka kira shi. Ashe Gudrun ta ruɗe ne, ta nufi matakala don ta nemi mai taimako, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi. An kai ta asibiti a sume, ba takarda a jikinta, ba wanda ya san ko wace ce.

Ya same ta kwance, ƙugu ya karye. Ya durƙusa a bakin gadon.

"Mama, ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallonsa. "Na yafe, Asger. Amma in an tambaye ni me na gani a Copenhagen, zan ce ƙeyar ɗana. Ita kaɗai na kalla tunda muka sauka."

Gudrun ba ta sake tafiya da ƙafarta ba sai a keken guragu. Gidanta na hawa na biyu, inda ta yi shekara arba'in, dole ta bar shi ta koma gidan kula da tsofaffi. Asger na zuwa duk Lahadi ya tura ta zagayen lambu, a hankali.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ana yin tsari don mutane, ba a yin mutane don tsari. In za ka shirya tafiya, auna ta da ƙafar mafi rauni a cikinku, ka kuma saurari wanda ka ce dominsa kake yi. Abin kallo yana nan ko gobe, amma lafiyar iyaye in ta tafi, nadama ba ta dawo da ita.