Yadda Tsattsewa Ta Ceci Tafkin Marke

An yi wani tafki a gindin marke, shi kaɗai ke kai dabbobin dajin har damina. Tsohuwar Kififiya ta san ruwan nan kamar yunwar cikinta, sai dai rowar baki gare ta. Akwai Tsattsewa, uwar surutu, da kuma Gyado, wanda cikinsa bai san ya isa ba.

Da rani ya tsananta, Gyado ya sa haure ya fasa gaɓar tafkin, ya ja ruwa zuwa gonarsa ta gwaza.

Kififiya ta ga saiwar marke da ta saba zama a nutse ta fito fili. Ta yi tsaki ta ce, "Ruwan nan ba zai ga damina ba."

Tsattsewa, wadda ta zo ɗibar laka, ta ce, "Iya, wa kika faɗa wa?"

"Mai ido ai ya gani."

"Haba Iya! Kin sani kin yi shiru, ina amfanin sanin? Nuna min, ni in kai."

Ta tashi tana shela, "Ruwa na raguwa!" Dabbobi suka ce, "Yo wace shekara ce ba ya raguwa?" Kowa ya ci gaba da kiwonsa.

Abin ya ƙona mata rai, amma ba ta yi zuciya ba. Ta samu Barewa ta ce, "Yaya, in tafkin nan ya ƙafe, kududdufin bayan ramin Kura za ki kai ɗanki." Barewa ta miƙe zumbur. Ta ce wa Zalɓe, "Kawu, kifi ba ya ƙwai a busasshiyar ƙasa." Ta ce wa Giwa, "Ranki ya daɗe, zo ki gani da idonki."

Suka ɗunguma. Kififiya ta nuna musu saiwar, ta nuna musu ramin da Gyado ya fasa a gaɓa.

Gyado ya taso yana huci. "Tafkin na ubanku ne? Wanda ya isa ya taɓa!"

Ya yi tsalle zai tare ramin. Ji kake caɓal! Taɓon da ya jiƙa da kansa ya haɗiye shi har wuya.

"Wayyo! Ku cece ni!"

Giwa ta ce, "Sai ka yarda za ka cike ramin."

Ya yarda, ta jawo shi ta wutsiya. Da hauren da ya fasa, da shi ya toshe, ana yi masa dariya.

Ranar da aka yi ruwan fari, ɗan Barewa na tsaye yana sha a tafkin. Daji ya kaure da murna!

Darasin wannan labari shi ne, sani in ya kwana a ciki ba ya tare ɓarna. A faɗa wa kowa ta inda abin ya shafe shi, sai ka ga abin kowa ya sami masu tsaro.