Goɗiyar Baba Sallau a Kan Bene

Ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku. Kada kowa ya sa ran gyangyaɗi, don idan na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, ni kawowa kawai na yi.

A wani gari na bakin fadama an yi wani dattijo, Baba Sallau. Ba shi da dukiya, ba shi da sarauta. Abin da yake ji da shi a duniya goɗiya ce ja mai farin goshi, ana kiranta Tauraruwa. Kakarta ta mahaifinsa ce, uwarta a hannunsa ta tsufa ta mutu, ita kaɗai ta rage daga wannan jinin. Shekara shida ana kai ta baye wurin ingarma ba ta ɗauka ba, sai a ta bakwai Allah ya nufa. Tun cikin yana wata uku Sallau ya tufka 'yar ƙaramar ragama ya rataye a ɗakinsa, yana jiran mai ita.

Gidan yana da bene na ƙasa, matakala goma sha huɗu a jikin bango, masu tsayi, marasa faɗi. Sallau ya shekara biyar bai taka su ba saboda ciwon gwiwa. Ƙarshen damina ne, an shanya sabuwar masara a sama. Ran nan matarsa tana saurin zuwa gidan suna, ta jawo ƙyauren matakalar ba ta ɗaure ba, ga kuma ƙwayoyin da suka zube daga kwando, wannan mataki biyu, wancan uku. Tauraruwa ta suɓuce daga turke, ta bi su tana tsinta.

Sallau ya dawo daga sallar azahar ya tarar da turke ba kowa. Yana cikin salati sai ya ji haniniya daga inda bai taɓa jin haniniya ba. Ya ɗaga kai, ga kan goɗiyarsa ya leƙo ta saman bango, tana tauna hankali kwance kamar gidan nata ne.

Abin da ya ɗaure wa garin kai, ni ma har yau yana ba ni mamaki, shi ne dabbar da ta hau da ƙafarta, ba wanda ya ja ta, ta ce sauka kam sai dai wani. Samari huɗu suka hau. Biyu na jan igiya, biyu na turi, ita kuwa ta kafe a bakin matakala tana rawar jiki. Ana cikin haka hadari ya haɗo daga gabas. Kowa ya san rufin azara da ƙasa ne, idan ya jiƙa ba zai ɗauki goɗiya mai cikin wata tara ba. Sallau ya gwada hawa, a mataki na uku gwiwa ta ƙi. Ya zauna nan, tsoro ya cika shi, har hawaye suka zubo masa a gaban yara.

Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku shaida! Wallahi duk wanda ya sauko min da ita da ƙafafunta huɗu lafiya, abin da ke cikinta nasa ne."

Maƙwabtansa uku ne suka ji da kunnen zuciya.

Ta farko Ladingo mai ƙosai, wadda gidanta ke manne da nasa. Ta kafa tsani daga nata ɓangaren ta haura, ta kori samarin. "Ku sauka, kun ishe ta! Ba ku ga cin da take yi ba? Kumburi zai kashe ta kafin rufi ya kashe ta." Ta tattare masarar ta watso ƙasa. Tana gamawa aka yi tsawa. Goɗiyar ta zabura ta nufi bakin bango za ta tsallaka, Ladingo ta warware mayafinta ta rufe mata ido, ta rungume wuyanta tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Kofato ya sauka a kan ƙafarta ya karya yatsu biyu, ba ta saki ba. Haka ta riƙe ta fiye da sa'a guda.

Na biyu Ilu magini, wanda da ubansa aka gina benen. Shi bai ma kalli sama ba, ɗakin ƙasa ya shiga. Ya ga ƙasa na zubowa, azara biyu sun soma lanƙwasa daidai inda dabbar take tsaye. Ya ciro gwafanni daga rumfar ƙofar gida ya tokare su, ɗaya tana tsagewa ya sa kafaɗa ya tare har aka kawo wata. Da ya fito ya auna mataki da tafin hannu ya girgiza kai. "Baba, an yi su don ƙafa biyu ne. Mai ƙafa huɗu ba ta da inda za ta tsaya ta huta." Ya rushe katangar bayan nasa gidan da hannunsa, aka yi ta miƙo tubali da ƙasa yana cikewa yana daɓewa, har matakala goma sha huɗu suka koma bakwai masu faɗi.

Aka buɗe mata ido, aka ja. Ta ƙi. Yayyafi ya soma.

Na uku Tsalha wanzami, mutumin da bai taɓa hawa ko jaki ba, amma ba ya ganin abu ya wuce bai tambayi dalilinsa ba. Tun ɗazu yana tsugune yana kallo. Sai ya hau, ya durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, ya soma saukowa da rarrafe, kai a gaba. Duk da tashin hankalin da ake ciki mutane suka fashe da dariya, har wani ya ce wanzami ya zare. Shi ko a jikinsa. Ya miƙe yana kaɗe riga ya ce, "Baba Sallau, ba taurin kai ba ne. Nauyinka duk gaba yake komawa, kamar za ka kifa. Ga shi idonta a gefe yake, abin da ke ƙarƙashin hancinta ba ta ganinsa sai ta sunkuya, ku kuma kun ɗage mata kai da igiya. Ko ta sunkuya ma, ƙasar launi ɗaya ce, ni kaina ban gane inda mataki ya ƙare ba." Ya aika aka kwaso farar toka daga murhu, ya ja layi a bakin kowane mataki. Ya karɓi igiyar ya sassauta ta har tana jan ƙasa, ya tsaya kawai.

Tauraruwa ta sunkuyar da kai. Ta shinshina farin layin, ta yi huci, ta miƙa ƙafa ɗaya. Ta kawo ta biyu, ta tsaya a faffaɗan matakin ta tattaro na baya. Haka, ɗaya bayan ɗaya, har bakwai. Kofatonta na taɓa tsakar gida ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kafin magariba tsakiyar rufin ya rufta.

Bayan wata biyu ta haihu. Mace ce, ja, da farin goshi irin na uwar. Guda ɗaya tak.

Su ukun suka zo barka, ba wanda ya yi rigima. Ladingo ta zauna ta miƙe ƙafar da har yanzu take ɗingishi da ita. Ilu ya ce damina ta cinye masa rabin gida ta inda ya rushe katanga, amma ba komai. Tsalha ya ce shi abin da yake so ya sani, ko 'yar ma za ta yi sha'awar bene. Liman ya ba da shawara a sayar a raba, Sallau ya ce jinin dawakin ubansa ba ya shiga kasuwa, kuma rantsuwar da ya yi ta mutum ɗaya ce.

Ya shiga ɗaki ya ɗauko 'yar ragamar nan da ya tufka da hannunsa. Ya sa wa 'yar goɗiyar, ta yi mata daidai. Ya daɗe yana shafa goshinta, zuciyarsa na ciwo, don shekara bakwai ya jira ta. Sannan ya juyo da bakin igiyar a hannu yana duban maƙwabtansa. Ba don Ladingo ba, da ta faɗo daga sama. Ba don Ilu ba, da rufi ya tafi da ita, kuma babu inda za ta taka. Ba don Tsalha ba, da tana tsaye a can har ruwa ya same ta.

To, ku da kuka ji, a hannun wa Baba Sallau zai sa igiyar nan?