Malam Sanda da Ungulun Ƙasar Lucia

Akwai wani dattijo a unguwar Glenwood ta birnin Greensboro, ana ce masa Malam Sanda. Direban bas ne, amma duk Bahaushen da ya rasu a garin, shi ake kira ya yi masa wanka.

Akwai kuma Ma'aruf, mai sayar da motoci, wanda bakinsa ba shi da linzami. Ranar wani suna, Malam Sanda ya yi sallama, sai Ma'aruf ya ɗaga murya: "Ga ungulu ta sauka! Jama'a, wa ya mutu?"

Aka yi dariya. Sunan ya bi shi har bakin yara. Wasu suka daina ba shi hannu.

Abin ya ci masa rai, har ya yanke shawarar barin wankan gawa.

Wata rana maƙwabciyarsa Lucia, wata tsohuwa 'yar ƙasar Ecuador, ta gan shi zaune a ƙofar gida ya yi tagumi. Ta tambaye shi, ya gaya mata.

Ta shiga gida ta ɗauko tutar ƙasarsu. A tsakiyarta ga wata ƙatuwar tsuntsuwa ta buɗe fukafukai.

"Wannan ungulun duwatsunmu ce, kondor," in ji ta. "Ina yarinya, saniyarmu ta mutu kusa da rafin da muke sha. Wari ya kori kowa. Ungulayen nan su suka sauko suka share wurin. Mahaifina har hularsa ya cire musu. In ka bari, wa zai yi?"

Malam Sanda ya canza shawara. Bai bar wankan gawa ba.

Da sanyi ya shigo, mahaifin Ma'aruf, wanda ya zo jinya daga Kano, ya cika a gidan ɗan nasa da ke Pleasant Garden, kusa da Greensboro. Abokai suka cika falo suna ta'aziyya, amma da aka zo maganar wanka, kowa ya sunkuyar da kai. Ma'aruf kansa bai taɓa taɓa gawa ba, kunya kuma ta hana shi kiran dattijon.

Sai ga Malam Sanda, ko kayan aiki bai cire ba.

"Baba, ka yafe mini," in ji Ma'aruf.

"Na yafe tuntuni. Naɗe hannun riga, mahaifinka ne, tare za mu yi."

A ɗakin wanka na masallaci Ma'aruf ya tallafi kan mahaifinsa, Malam Sanda na zuba ruwa yana nuna masa. Da suka ɗaure likkafani, Ma'aruf ya kifa kansa a kafaɗar dattijon, ya fashe da kuka.

Darasi: Kada ka raina mai yin aikin da kai kake gudu, domin ranar da ya zo kanka, shi zai rufa maka asiri. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani zai gyara harshensa. Allah Ya sa mu cika da imani.